An Ba Shi Magani, Ba a Yi Masa Bayani Ba: Muhawarar Zaure Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Anti Nas:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai na ce sai na fitar da ita. Duk lokacin da aka ɗauko zancen lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, abu biyu ake kawowa: ƙarancin likitoci da tsadar magani. Ban musa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, alhali mun haura mutum miliyan 200. Amma ni da nake tsaye a kan marasa lafiyan nan kullum, abin da na fi gani yana ɓata mana aiki shi ne rashin bayani.

Ga abin da ba ya ƙarewa a wurinmu. A kawo saurayi yana surutai, ba ya barci, yana cewa ana binsa. Likita ya rubuta masa maganin ƙwaƙwalwa mai suna haloperidol, a sallame su. Bayan 'yan kwanaki wuyansa ya sandare, harshe ya yi nauyi, hannu na karkarwa, yawu na dalala. Uwa ta dubi ɗanta ta ce asibiti sun ƙarasa shi, ko a ce aljanin ne ya fusata don an ba shi ƙwayar Bature. A watsar da maganin. Alhali wannan sandarewar sananniyar illa ce ta maganin. Akwai 'yar ƙwayar da ake haɗa masa ta warware abin, ko a rage yawan maganin, ko a canza wani. Ba a faɗa musu ba ne kawai. Haka mai ciwon damuwa. Maganinsa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin ma fiye, kafin a fara jin sauƙi. Ya sha na 'yan kwanaki bai ga komai ba, sai ya ce ba ya aiki, ya ajiye.

Ni a ganina, a wannan fanni magana ma magani ce, kuma ita muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Me kuka gani?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Anti. Wallahi kamar kin shiga gidanmu. Ƙanina muka kai wani asibiti, tun asuba muka kama layi, sai bayan azahar muka shiga. Likitan ni ya yi ta yi wa tambaya, bai ko dubi yaron ba, sannan ya juya wajen ɗalibansa ya yi ta zuba Turanci. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Muka fito da takarda a hannu, ba mu san sunan ciwon ba, ba mu san tsawon lokacin da zai sha maganin ba. Da ya samu sauƙi Hajiyarmu ta ce ai ya warke, a daina ɓarnar kuɗi. Ciwo ya dawo fiye da na farko, har ta kai sai da aka kulle shi a ɗaki. Daga baya ne wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da Hajiya, ta ce mata wannan ciwon kamar hawan jini yake, ko an ji sauƙi ba a sakin magani. Yanzu Hajiya ce da kanta take tuna masa ranar allurarsa ta wata-wata.

Dakta A.:
Allah ya ƙara masa lafiya, Baban Ummi. Abin da aka yi muku ba daidai ba ne, ba zan kare shi ba. Amma Anti, ina so mu yi adalci. Likitan da ya zo ya tarar da katuna tuli a kan tebur, mutane sun cika baranda, wasu daga wata jihar suka taso, in ya ba kowa rabin awa, rabin layin sai su koma gida ba a gan su ba. Ba duka ba ne girman kai. Ƙarancin ma'aikatan da kika ture gefe, shi ne uwar rashin bayanin.

Anti Nas:
Dakta, ban ture shi ba. Amma wa ya ce dole likita ne zai yi bayanin? Mu nas-nas muna nan, masu ba da magani a famasi suna nan, ma'aikatan lafiya na matakin farko suna nan. Kafin a fara ganin likita mutane suna zaune a benci awa biyu ba abin da suke yi. A asibitin masu ciki ana amfani da wannan lokacin a yi wa mata faɗakarwa, har da waƙa. Me ya hana mu?

Dakta A.:
A nan kam muna tare. Tunanin da ke bayan shirin mhGAP ke nan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008: a horar da waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su riƙa gane ciwon, su kula da wanda za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Kuma darasin farko a littafin jagorar ba sunan magani ba ne, yadda za a zauna da mutum a saurare shi ne. A Zimbabwe ma Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suka riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka auna abin, aka buga sakamakon a 2016, an ga waɗanda suka zauna da tsofaffin nan sun fi samun sauƙi.

Malam Na'ibi:
Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma mafi yawan waɗanda kuke gani, ta wurinmu suke fara biyowa. Ku ba ni dama in faɗi abin da yake korar mutane daga wurinku. Mutum ya zo ya ce 'yarsa aljani ya shafe ta, an yi ruƙya an yi rubutu. Sai ma'aikaci ya yi tsaki ya ce ku dai jahilci ya yi muku yawa, sai da kuka gama ɓata ta kuka kawo ta. To wannan uban zai sake faɗa maka gaskiya? Gobe in ka tambaye shi me aka ba ta, zai ce ba komai, alhali ta sha jiƙe-jiƙe kala-kala, kai kuma ka ɗora mata naka a kai. Wanda ka wulaƙanta imaninsa ba zai buɗe maka cikinsa ba.

Abu Sumayya:
Ni fa Malam ina ganin duk wannan zancen ciwon damuwa shigo-shigo ne na Turawa. Iyayenmu sun sha wahalar da ta fi tamu, ba su san wani likitan ƙwaƙwalwa ba. Raunin imani ne da rashin tawakkali. Mutum ya riƙe azkar ya ga ko damuwa za ta zauna.

Malam Na'ibi:
Ɗan'uwa Abu Sumayya, ka yi hattara da wannan maganar, domin akwai masu karanta ta a nan da ke cikin halin, kuma za ta ƙara musu nauyi. Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da Yusufa ya sa idanunsa suka yi fari, yana nan a cikin Suratu Yusuf. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzo. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Azkar wajibinmu ne mu riƙe, ni ma shi nake fara bai wa mutum. Amma na ga mahaddacin Alƙur'ani da ya daina cin abinci, ya daina wanka, yana kuka ba dalili. Na kai shi asibiti da hannuna, kuma ban daina yi masa addu'a ba.

Abu Sumayya:
Na ji Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma har yanzu ina ganin ana yawan gaggawar bai wa mutane ƙwaya.

Dakta A.:
Wannan ƙorafin naka na biyu yana da ƙamshin gaskiya, Abu Sumayya. Damuwar da ba ta yi tsanani ba, ba ƙwaya ake fara ba ta ba, zama ake yi a yi magana. Amma saboda babu masu yin zaman, sai takardar magani ta zama hanya mafi sauƙi. Maganar Anti Nas ce dai ta sake dawowa.

Shi kuwa abin da Malam ya faɗa, ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, mu ne muka yi sakaci da shi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya sa aka riƙa sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su zo a duba su, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. Sannan a kwanan baya Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa ma'aikatan lafiya na matakin farko da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi. Ma'aikacin lafiya yana zuwa wurin mai maganin, su duba mara lafiya tare. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 2020, kuma waɗanda aka yi wa wannan haɗin guiwar sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari yadda aka saba. Ba a ce wa kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Magana kawai aka buɗe tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji.

Anti Nas:
Amma Malam, ka yarda akwai inda haɗin guiwar ya tsaya. Duka da bulala wai ana fitar da aljani, turara hayaƙi har mutum ya shiɗe, sanya mari a ƙafa. Na wanke gyambon mari da hannuna, tsoka ta zagwanye har ana hango ƙashi. Wannan ba zan yi masa kara ba.

Malam Na'ibi:
Ni ma ba na yi masa, Hajiya. Babu inda aka ce a daki mara lafiya. Amma in kuna so a daina, mu za ku yi wa magana, ba ku tsaya daga nesa kuna kiranmu matsafa ba. Limami ɗaya in ya fahimta ya faɗa a huɗuba, ya fi takarda dubu da aka manna a bango.

Maman Walid:
Ina bin zancen tun ɗazu ina ta jinjina ko in yi magana. Bayan haihuwata ta fari na shiga wani hali. Ba na son ɗaukar yaron, in ya yi kuka ni ma sai in fashe da kuka, dare ya raba ina zaune ido biyu. A gida aka ce kunyar ɗan fari ce, har ana yaba mini. Da muka je rigakafi nas ta tambaye ni ya jiki, ga uwar mijina zaune kusa da ni riƙe da jaririn, ga wasu mata a bayanmu suna jira. Me zan ce? Na ce lafiya lau. Da ta ce wa Mama ta ɗan ba mu wuri, ko ta ja ni bayan labule da sunan za ta duba ni, wallahi da na faɗa mata komai, don a cike nake. Ba tambayar kaɗai ba ce, a gaban wa aka yi ta.

'Yar Gidan Liman:
Allah sarki 'yar'uwa. Yanzu fa ya jikin?

Maman Walid:
Alhamdu lillahi, na samu lafiya. Yayata ce ta lura ta kai ni.

Dakta A.:
Maman Walid, kin taɓo wuri mai wuya. A wurinmu mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma wannan alheri ne, don dangi su ke saye, su ke jinya, su ke lura in ciwo zai tashi. Amma wani lokacin wanda ya rako shi ne tushen damuwar. Abin da nake yi shi ne in ji ta bakin kowa tare, sannan in nemi a bar ni da mara lafiyan shi kaɗai ko na ɗan lokaci ne. Kuma mutanenmu ba kasafai suke cewa ina cikin baƙin ciki ba. Cewa za a yi ƙirjina na zafi, kaina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina, ba na barci. In ba ka tsaya ka tona ba, sai ka yi ta rubuta maganin taifot da na olsa shekara da shekaru.

Ɗalibar Zariya:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren bincike, don shi nake yi yanzu a karatuna na digiri na biyu. Matsalar da kuke faɗa a ɗakin likita, tana nan ninki a wurinmu.

Yawancin ma'aunan da muke aiki da su, wato jerin tambayoyin da ake yi wa mutum don a auna ciwo, daga waje aka tsara su. Akwai mai tambaya tara na auna ciwon damuwa, akwai na Edinburgh mai tambaya goma da aka yi don masu jego tun 1987. Ƙa'ida ita ce a fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar da fassarar Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, sannan a gwada a kan mutanen gari kafin a fita da ita. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, don yana cin lokaci da kuɗi. Sai ka ga ɗalibi ya fita da takardar Turanci yana fassarawa da ka, kowane mai tambaya da tasa Hausar. Ka tambayi matar ƙauye sau nawa a cikin mako biyu ta ji ba ta da wani amfani, ta zaɓa tsakanin amsa huɗu, ta dube ka ta ce alhamdu lillahi. Kai kuma ka rubuta sifili. Daga nan a tattara, a buga, a ce ga adadin masu damuwa a gari kaza. Kuma da irin waɗannan alƙaluman ake tsara kasafi.

Na biyu, takardar neman yarda. Shafi uku na Turanci, a ce wa tsohuwa ta dangwala. Mu a Kano da kewaye bai kamata a koya mana haɗarin wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabon yana cikin abin da ya rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003. Har yau in na shiga gida da takarda da biro, akwai dattijon da zai tambaye ni wa ya aiko ni, kuma yana da gaskiya.

Baban Ummi:
To ƙanwata, in kun gama tambayoyin ina sakamakon yake zuwa? An taɓa zuwa unguwarmu aka cika takardu, mai unguwa ya tara mu, aka ba mu sabulu. Shiru kake ji har yau.

Ɗalibar Zariya:
Yaya, wannan shi ne babban laifin fanninmu. Sakamakon yana tafiya mujallar da ake bugawa da Turanci, wadda wani lokacin sai an biya kuɗin waje kafin a karanta. Mai binciken ya samu ƙarin girma, mutanen da suka buɗe masa sirrinsu ba su ji komai ba. Ni ina ganin kwamitocin da ke ba da izinin bincike su sa sharaɗi: duk wanda ya ɗebi bayani a gari, sai ya koma ƙofar mai unguwa ya faɗi abin da ya gano da harshen mutanen, kafin a sa masa hannu.

Akwai kuma wani abu da ke ɗaure mana hannu. Tambaya ta ƙarshe a ma'aunin nan mai tara, a kan tunanin kashe kai take. A Arewa sashe na 231 na kundin Penal Code ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi, ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Ga kuma tsoron abin da addini ya faɗa, ga tsoron bakin mutane. Wa zai amsa maka da gaskiya? Ghana ta cire irin wannan hukunci daga dokarta a 2023. Mutumin da ya kai wannan matsayi likita yake buƙata da mai sauraronsa, ba ɗan sanda ba.

Malam Na'ibi:
Haramcin kashe kai yana nan daram, ba mai taɓa shi. Amma wanda ciwo ya rinjayi hankalinsa, hukuncinsa na wurin Allah, kuma aikinmu mu riƙo hannunsa tun kafin ya kai can. In tsoro ya hana shi faɗa, mun rasa damar.

'Yar Yerwa:
Ina so in ƙara wani abu da ku 'yan Kano da Kaduna ba lallai ku lura da shi ba. Kuna kukan Turanci, mu a Borno wani lokacin Hausar ce kanta shingen. Na yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira. Ma'aikata da yawa Hausa da Turanci suke ji, matan da suka fito daga ƙauyuka kuwa Kanuri ne, ko Shuwa, ko Margi, ko wani yaren Gwoza. Hausarsu ta cinikin kasuwa ce, ba ta isa a faɗi abin da aka gani a daji ba. Sai a nemo tafinta. Wa ake samu? Wani saurayi daga cikin sansanin, wanda ya san mijinta, ya san tantinta. Ko a kira ɗanta ɗan shekara goma ya fassara. Ta yaya uwa za ta faɗi abin da aka yi mata ta bakin ɗanta? Sai ta ce kanta ke ciwo, a ba ta fanadol ta tafi. Tafinta mace, wadda aka horar aka kuma ɗaure ta da alƙawarin riƙe sirri, ba kwalliya ba ce, ita ce aikin gaba ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen zaure. Mu nan Nijar haka abin yake, sai dai namu Faransanci ne. Lokotoro ya yi karatunsa da Faransanci, takardar magani da Faransanci, ƙwararrun kuma sun fi yawa a Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga nan. Mutum ya je gidan likita ya dawo da takardar da ba mai karanta masa a gida. Abin da na ga yana aiki shi ne saƙon murya. Wani ma'aikaci da na sani yakan ɗauki wayar mai jinya ya yi magana a ciki: wannan fara da safe, wannan ja da dare, in ka ga kaza ka dawo. A gida a kunna wa kowa ya ji.

Anti Nas:
Kai, wannan dabarar ta yi. Zan gwada ta ranar asibitinmu mai zuwa in sha Allah. Sai dai a kula kada a ambaci sunan mutum ko sunan ciwon a ciki, don waya tana yawo hannu-hannu.

Mai Rediyo:
Tun da an zo kan murya, bari in karɓi namu kason. Mu 'yan jarida muna da hannu dumu-dumu. A watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fasa gidan marin nan na Rigasa a Kaduna suka fito da mutane ɗaruruwa, wasu da mari a ƙafa, sannan aka bi da na Daura, mun yi ta yayata hotuna mako guda muka wuce. Tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta ita ce me ya sa iyaye da kansu suka kai 'ya'yansu can har suna biya. Amsar ita ce ba su san wani wurin ba, ko sun sani ba su yarda da shi ba.

Sannan ku duba abin da ke faruwa a TikTok da Facebook. A ga mai taɓin hankali a bakin titi a kunna masa kyamara ana tsokanarsa don a tara mabiya. In wani ya kashe kansa a sa hotonsa, a faɗi abin da ya sha, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da gargaɗin 'yan jarida cewa bayyana hanyar yana jawo wasu su kwaikwaya. Duk saurayin da ya rikice kuma sai a ce ɗan ƙwaya ne. Shaye-shaye matsala ce babba, ba mai musu, amma wannan tambarin yana sa iyayen da ɗansu bai taɓa shan komai ba su ɓoye shi a ɗaki don gudun abin kunya.

Ga dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta ba mai wannan lalura haƙƙin a nemi yardarsa, a riƙe sirrinsa, kada a nuna masa wariya. Ku fita kasuwa ku tambayi mutum goma ko sun ji labarinta. Mai maganin da ke cewa yana warkar da hauka cikin kwana bakwai yana sayen fili a rediyo kowane mako. Likita kuwa sai ranar 10 ga Oktoba muke ganinsa, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ya zo ya cika mana kunne da Turanci ya tafi.

Dakta A.:
Mai maganin yana da kuɗin sayen fili, ni albashina ba zai saya ba. In gidanku zai ba da rabin awa kyauta, zan zo, kuma da Hausa zan yi.

Mai Rediyo:
Zan kai maganar gaban manaja. Amma sharaɗina, a buɗe layi mutane su kira, kuma Malam Na'ibi ya zauna kusa da kai. In kai kaɗai ne za a ce ɗan boko ne ya zo rushe ruƙya.

'Yar Gidan Liman:
Ni tambaya gare ni, kuma ta gaske ce. Ƙawata tana shan maganin ƙwaƙwalwa, ta samu lafiya sarai, tana koyarwa. Yanzu an kawo kuɗin aurenta. Iyayenta sun ce kada a kuskura a faɗa wa mijin. Ita kuma tana tsoron in ta tare dole ta riƙa ɓoye maganin, ko ta daina sha. Duk wannan bayanin da kuke cewa a yi, a nan wa za a yi wa?

Baban Ummi:
In aka faɗa, wallahi dangin miji za su iya fasawa. Na ga an yi.

Malam Na'ibi:
Za su iya, amma ɓoyewar ta fi haɗari. Malaman fiƙihu sun lissafa taɓin hankali cikin aibobin da ke bai wa ɗayan ma'aurata zaɓi in an ɓoye masa, don haka auren da aka gina a kan rufa-rufa yana iya rushewa ranar da abin ya fito, kuma a lokacin ta fi rauni. Ba dangi duka za a tara ba. Shi mijin kaɗai ya isa.

Dakta A.:
Ni ba ni da ikon faɗa wa kowa ba da izininta ba, sirrinta ne. Amma shawarata ta faɗa masa kafin ɗaurin aure, kuma kada ta yi shi ita kaɗai a zaure. Ta zo da shi wurin likitanta, ya ji daga bakin wanda ya san ciwon, ya yi duk tambayar da ke ransa, har da ta gado da ta haihuwa. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan gaggawa: wasu magungunan, irin su sodium valproate, suna iya cutar da ɗan tayi, don haka tun kafin ta samu ciki ya kamata a duba abin da take sha, a canza in da buƙata. Bayan haihuwa kuma lokaci ne da ciwon kan iya tashi, dole a samu wani a gidan da ya san alamun. Ki ce mata kada ta daina shan komai da kanta, ta je da katinta a wannan makon.

'Yar Gidan Liman:
To Dakta. Iyayen fa? Su ne suka kafe.

Anti Nas:
Ki fara da uwar. In za ta yarda ta rako ta asibiti, a bar ni da ita.